A Dawo Da Ajin Koyon Karatu A Majami'unmu

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana Kirista na ƙasar Hausa, musamman fastocinmu da dattawan ikkilisiya, kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina cikin Zumuntar Mata a wata majami'ar ƙauye a ƙasar Malumfashi. Abin da nake gani shi ne yawancin matan da muke sujada tare ba sa iya karanta Littafi Mai Tsarki, ko da na Hausa ne. Suna da shi, an naɗe shi cikin kyalle mai tsabta, suna zuwa da shi kowace Lahadi. Amma in mai jagorar sujada ya ce a buɗe Ishaya, sai ka ga uwa ta miƙa wa yaron da ke gefenta, shi ma yaron sai ya yi ta juya shafi har a gama karatun. Maza ma ba su tsira ba, sun dai fi mu iya ɓoyewa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne samari da 'yan mata da suka gama firamare, wasu har da sakandare, Turancin bai zauna ba, Hausar kuma ba a koya musu rubutunta ba.

Da ba haka abin yake ba. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga makarantar gwamnati ba, amma ta rasu tana karanta Zabura da kanta. A ajin baftisma ta koya. A zamaninsu mai bishara yakan zo ƙauye da allo da alli da fitila, ya fara da baƙaƙe kafin ya kai ga wa'azi mai tsawo, kuma a wurare da yawa ana so mai neman baftisma ya iya ɗan karatu, sai dai in tsufa ko ciwon ido ya hana shi. Waɗanda suka fassara Littafin sun sha wuya domin wannan. Likita Mila, wani Bature ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905 yana aikin fassara tare da Hausawan da suka taimake shi, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, sannan a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Wajen 1980 aka sake fitar da sabuwar fassara mai sauƙin fahimta, wadda muke amfani da ita har yau. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa aka raya ikkilisiyoyi daga Kagoro zuwa Gindiri, daga Numan zuwa Tsibiri da Galmi a Nijar, har a cikin ƙabilun da Hausa ba harshen gidansu ba ne. To mu da muka sha harshen a nono, me zai sa mu zama baƙi a gabansa?

Na san za a ce yanzu akwai Littafin a waya, akwai na sauraro a memori, ga rediyo. Ina murna da su, makafi da tsofaffinmu suna amfana ƙwarai. Amma mai sauraro kaɗai ba ya iya tsayawa kan aya ya koma baya ya gwada ta da wata. Luka ya yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 domin suna bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa! Yau wani baƙon mai wa'azi zai sauka da lasifika da kwalbar mai, ya yanko rabin aya ya ce Allah ya ce a kawo akuya ko buhun masara kafin albarka ta sauko, matanmu su kai, domin ba mai iya buɗewa ta ga abin da ke gaba da ayar da abin da ke bayanta. Na ga gwauruwa ta sayar da tunkiyarta ɗaya tilo a kan irin wannan, na yi kuka.

Ga kuma batun bishara. Muna yawan karanta Matiyu 28 a taron falkaswa, cewa a je a almajirtar da dukan al'ummai, amma mukan tsallake inda aka ce a koya musu. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya muke zuwa wa juna biki da ta'aziyya, sukan yi mana tambaya cikin mutunci: me Linjila ta ce game da Maryamu, me ya sa kuke cewa kaza? Sai mace ta ce bari in tambayi fasto. Su kuwa sun ɗauki karatu da muhimmanci, matan aurensu suna zuwa Islamiyya da yamma, yaransu suna makarantar allo tun suna ƙanana. Ina girmama su a kan haka. Wanda zai ba da amsa da tawali'u da bangirma, kamar yadda Bitrus ya umarce mu, dole ya san abin da ke cikin Littafinsa. Haka ma 'yan'uwanmu da ke ƙauyukan Maguzawa da har yanzu ba su ji ba: in an kafa majami'a aka tafi aka bar su ba mai karatu, damina biyu ta isa su watse.

Ban ce a daina gini ba. Amma kuɗin fenti da tayil da sabon janareta na shekara ɗaya zai sayi allo da alli da littattafan koyon karatu da fitilar sola, har ya rage a ba malami ɗan alawus. Malaman ma muna da su a zaune: 'yan fansho irina, matan fastoci, ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki da ke dawowa hutu. Lokaci kuma ga rani, daga an gama sussuka zuwa faɗuwar ruwan fari, mutane suna gida. Kwana uku a mako, awa ɗaya da rabi bayan an sauke tukunyar dare, babba mai niyya zai fara haɗa kalmomi kafin shuka, domin Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa. A raba ajin maza da na mata don kada kunya ta hana magidanta zuwa, a bar ƙofa a buɗe ga duk maƙwabcin da yake so ya koya, ba tare da an sa masa wani sharaɗi ba.

Roƙona ga shugabannin gundumomin ikkilisiya shi ne, idan fasto ya kawo rahoton shekara, bayan yawan kuɗin baiko da yawan waɗanda aka yi wa baftisma, a tambaye shi mutum nawa suka koyi karatu a hannunsa bana. Mu a Zumuntar Matanmu mun riga mun yanke shawarar fara namu ajin da zarar an kai amfanin gona gida, mun kuma ware kuɗin alli daga asusunmu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Taku,
Wata uwa a Zumuntar Mata,
daga ƙasar Malumfashi, Jihar Katsina.