Gwiwar Giannis da Tambayar da Ka Jefo Mini a Rediyo

Litinin, 5 ga Yuli, 2021

Ƙanena, assalamu alaikum.

Jiya Lahadi ka bugo waya cikin shirin wasanni na yamma ana saura minti biyu a rufe, ka ce: "Yaya, tun watan Mayu kake cika baki cewa Milwaukee Bucks ce za ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na NBA na bana. Yanzu ga gwiwar Giannis ta lanƙwashe, ga Phoenix Suns ta huta tana jira. Kana nan kan bakanka, ko mu shige gidan sauro mu yi barcinmu?" Ina cikin haɗa amsa mai gabatarwa ya ɗaga mini hannu, aka saki kiɗan rufewa. Ba ka faɗi sunanka ba, ka dai ce daga Zariya kake, kuma daga jin muryarka na san na girme ka. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, ga amsar a bainar jama'a.

Ina nan kan bakana. Sai dai abin da ke hana ka barci daban, wanda ke hana ni daban.

Bari mu fara da gwiwar. Ina zaune ina kallo abin ya faru, ran 29 ga Yuni, a wasa na huɗu da Atlanta Hawks. Giannis Antetokounmpo, tauraron Bucks, ya yi tsalle zai tare Clint Capela a bakin kwando, da ya diro sai gwiwarsa ta hagu ta karkata baya, ɓangaren da Allah bai halicce ta ta lanƙwasa ba. Da aka maimaita hoton sai da na kawar da kai. A raina na ce shi ke nan, sai baɗi, in ma baɗin ya samu. Washegari hoton asibiti ya nuna ƙashi bai karye ba, jijiya ba ta tsinke ba. Har zuwa yau da nake rubutun nan ƙungiyar na cewa da wuya ya buga wasan farko na karawar ƙarshe da Suns, kuma ni ba likita ba ne da zan yi musu da su. Amma mutumin da ƙafarsa ta yi wannan juyin aka duba aka ce babu abin da ya tsinke, ina sa ran ganinsa kafin a gama wasa na uku.

Ka kuma duba abin da aka yi bayan ya fita. Wasa biyu Bucks ta buga ba shi, duka ta ci. A na biyar Brook Lopez ya zuba maki 33, Khris Middleton 26, Jrue Holiday 25, Bobby Portis 22. A na shida, a gidan Atlanta, Middleton ya ci 32, kuma 23 daga ciki a zubi na uku kaɗai ya tara su. Na san za ka ce Trae Young, tauraron Atlanta, ma ciwo gare shi, na biyar bai buga ba, na shida kuma da ɗingishi ya buga. Gaskiya ne. Duk da haka waɗannan wasanni biyu sun nuna cewa gidan yana da wasu mazan bayan maigida.

Ni abin da ke damuna wani gajere ne ɗan shekara 36, Chris Paul na Suns, da inda yake son tsayawa a fili.

Ga yadda abin yake. Deandre Ayton, dogon Suns, zai fito ya tsaya wa mai tsaron Paul kamar katanga, Paul ya zagaye shi. A irin tsaron da koci Mike Budenholzer ya ginu a kai tun zuwansa Milwaukee a 2018, Lopez ba ya fitowa tarbar mai ƙwallo. Ja da baya yake yi ya tsare bakin kwando, ya bar maka filin da ke tsakanin layin maki uku da ƙarƙashin raga. Lissafin shi ne jifan wannan wurin maki biyu ne kacal, kuma yawancin 'yan wasan zamani ba su iya shi ba. To, Paul a wannan filin ya gina gidansa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Kaka 16 ke nan yana cin abinci a wurin. Abokin wasansa Devin Booker ma haka. Ka tuna yadda Trae Young ya ci wa Bucks maki 48 a wasan farko ta wannan ƙofar? Young yaro ne mai gaggawa. Paul ba ya gaggawa. Zai sa Lopez a gaba, ya taka a hankali kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa, ya tsaya, ya jefa. In aka ce a yi musaya, dogon ya fito ya tsare shi, sai ya ja shi can waje ya wuce ta gefensa, ko ya ɗaga wa Ayton wanda yanzu gajere ne ke riƙe da shi. Ayton kuwa a zagayen fidda gwanin bana, cikin jifa goma wajen bakwai na shiga. Maki 41 da Paul ya zuba wa Los Angeles Clippers a wasa na shida, da hannun mutumin da ya gaji da jira ya zuba su: wannan ne karon farko da ya kai wasan ƙarshe a rayuwarsa.

Damuwa ta biyu ita ce wadda kowa ya sani, har yaran unguwarmu suna kwaikwayo. In aka yi wa Giannis ƙeta aka ba shi jifan kyauta, doka ta ce daƙiƙa 10 gare shi. Shi kuwa sai ya buga ƙwallon a ƙasa, ya ja numfashi, ya ƙara bugawa. 'Yan kallon Brooklyn da na Atlanta sun mai da ƙirga masa daƙiƙu waƙa, na Phoenix ma ba za su bar shi ba. A zagayen nan ɗan abin da ya haura rabi ne kawai ke shiga. Paul kuwa ya fi kowa a gasar bana wajen wannan jifan, sama da kashi 93 cikin 100. Ka haɗa wannan da cewa sau biyu ƙungiyoyin suka haɗu a kakar nan, sau biyun Suns ta ci da tazarar maki ɗaya: 125 da 124 a Fabrairu, ranar da Giannis ya ci 47, sai 128 da 127 a Afrilu bayan ƙarin lokaci. Wasan da maki ɗaya ke rabawa, a layin jifan kyauta ake rasa shi.

Akwai masu cewa Suns sa'a ce ta kawo ta, wai ta samu Lakers Anthony Davis na jinya, Denver ba Jamal Murray, Clippers ba Kawhi Leonard. Kada ka shiga sahunsu. Ƙungiyar da ta ci wasa 51 cikin 72 ba a kan jaki aka ɗauko ta ba. Mu kuma da wane baki za mu yi gori? A karawarmu da Brooklyn, Kyrie Irving nasu ya gurɗe a wasa na huɗu, James Harden da ƙafa ɗaya ya ƙarasa, kuma da takalmin Kevin Durant bai taɓa layi ba a daƙiƙar ƙarshe ta wasa na bakwai, da jifan nan ya zama uku, da yau ba ka da abin tambayata.

To me ya sa har yanzu ban janye ba?

Saboda Jrue Holiday, da farko. Don irin wannan makon Bucks ta kwashi 'yan wasa da haƙƙinta na zaɓen sababbin 'yan wasa na shekaru ta miƙa wa New Orleans a Nuwamban bara. Ya fi Paul tsawo, ya fi shi ƙarfi, ya fi shi ƙuruciya. In Budenholzer ya yarda ya sake shi ya bi Paul tun daga ƙarshen fili, kamar mai bin bashi, tsohon zai iya jurewa wasa ɗaya, wasa biyu. Wasa shida ko bakwai cikin mako biyu da 'yan kwanaki wani zance ne. Jikin Paul ya sha ba shi kunya a irin wannan lokacin. A 2018 yana Houston, suna gaban Golden State da 3 da 2, cinyarsa ta riƙe, ya zauna a benci yana kallo aka fitar da su. A bana ma kafaɗa ta dame shi a karawarsu da Lakers. Ba fata nake masa ba, wallahi ina son mutumin. Lissafi nake yi.

Sannan girman jiki. Bayan Ayton, Suns ba ta da dogon da zai tsaya gaban Giannis. Jae Crowder jarumi ne, yana cikin 'yan Miami da suka yi wa Giannis shinge a bara, kuma shi kaɗai ne a ƙungiyoyin biyu da ya taɓa buga wasan ƙarshe. Amma ran da Ayton ya kwashi laifi biyu da wuri ya koma benci, za ka ga ƙofa a buɗe. Bucks kuwa ga Lopez, ga Portis, ga P.J. Tucker, mutanen da in jifa ya kuskure sai su tsince shi su sake. Ba wasa ne mai daɗin kallo ba, amma yana ci.

Kai ɗan Zariya ne, don haka ba sai na tuna maka 2019 ba. Bucks ta ci Toronto biyu na farko, muka fara rabon alewa, sai ƙungiyar da Masai Ujiri, wanda ya tashi a garinku, ya harhaɗa ta ci huɗu a jere ta wuce ta ɗauki kofin. Tun daga ranar nake tsoron Budenholzer da taurin kansa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga igiya ma gudu yake. Amma bana na ga abin da ban saba gani ba. Brooklyn ta ci su biyu na farko, na biyun ma da tazarar maki 39, suka dawo suka fitar da ita a gidanta. Middleton da ya zubar da jifa 17 cikin 23 a wasan farko da Atlanta, shi ne ya ci 38 a na uku. Mutumin nan haka yake, yau ruwa gobe rana, sai ka yi haƙuri da shi.

Wani abin da ya ba ni dariya a shirin jiya, mai waya na gabanka ya ce dole duk ɗan Najeriya ya bi Bucks saboda Giannis namu ne. Namu ne kam, iyayensa daga Legas suka tafi Girka, sunan gidansu na asali Adetokunbo, kuma sai 2013 ya samu takardar zama ɗan ƙasar da aka haife shi a cikinta. Ga Jordan Nwora na D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwandon Najeriya, ma a bencinsu. Amma Ayton fa, da aka haifa a Bahamas, shi ma mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Duk inda kofin ya faɗi, akwai inda za mu raɓa.

Ƙungiyoyin nan biyu tare suka shigo gasar a 1968. A 1969 aka jefa kwabo tsakaninsu don a ga wa zai fara zaɓe, Bucks ta ci, ta ɗauki Lew Alcindor, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar, ya kawo mata kofinta guda tilo a 1971. Suns ta kai wasan ƙarshe a 1976 da 1993, ba ta taɓa ɗauka ba. Ka ga ashe can ma akwai wani ƙanen wani da ke kwana da fargaba, kuma tasa ta girmi taka.

Ga hasashena, ka rubuta ka ajiye. Suns za ta ci wasan farko a gidanta, wataƙila har da na biyu, kuma za ka ji kamar an gama. Kada ka yanke hukunci sai an koma Milwaukee ran 11 ga wata. In Giannis ya dawo yana gudu yana dira ba tare da ya dafa gwiwa ba, Bucks ce a wasa na bakwai. In bai dawo ba, ko ya dawo yana tsoron ƙafar, Suns za ta gama da mu a na biyar ko na shida, ni kuma in zo rediyo in sha tsiya. Ban ce ka ɗora ko sisi a kan maganata ba, caca babu kyau, kuma ni ɗin nan na ce Lakers za ta fitar da Suns tun zagayen farko.

Batun barci kuwa, gobe Talata ka kalli Italiya da Sifaniya da ƙarfe 8 na dare, ka kwanta, ka sa agogo ya tashe ka ƙarfe 2, lokacin da za a fara a Phoenix. Ka cika wayarka da caji tun da rana saboda halin wuta, ka kuma yi fatan hadari bai taso ya ɗauke hoton ba. Ana tashi daga wasan sai ka yi alwala ka wuce Asuba. Ran Lahadi in ka bugo, ka bugo da wuri, kuma ka faɗi sunanka.

Naka,
Yayanka na shirin wasanni.