Wasiƙar Makaranta: Gyaran Ɗakin Kwamfuta da Abin da Ya Shafi Kwamfutocin Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, muna yi muku barka da shigowar sabon zangon karatu, da fatan yara sun huta lafiya. Wasiƙar wannan karon a kan ɗakin kwamfuta take, domin a taron iyaye da malamai da ya gabata an yi ta ƙorafi cewa yara sukan dawo gida su ce yau ba a yi darasi ba, kwamfuta ta ƙi tashi. Ƙorafin yana kan hanya, kuma ga abin da aka yi a kai lokacin hutu.

Yawancin abin da ke kwantar mana da kwamfutoci ba lalacewar ƙarfe ba ce. A ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta Windows, inji ya mutu, da safe a kunna ya tsaya a baƙin allo. Ko yaro ya zo da filas daga shagon buga takardu, ya soka, ƙwayar cutar nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ta bazu a ɗakin. Ko kuma wani mai ƙiriniya ya shiga saituna ya taɓa abin da bai sani ba. A da, duk kwamfutar da ta faɗa wannan hali sai an yi mata fomatin, a sake zuba Windows, a nemo direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassanta su yi aiki da Windows, a saka manhajoji ɗaya bayan ɗaya. Aikin yini guda ne ga malami ɗaya, shi kuwa yana da azuzuwan da ke jiransa. Shi ya sa kwamfuta takan yi makonni a lulluɓe, ɗalibai uku suna cunkushe a gaban wata.

Malaman sashen sun ɗauki kwamfuta ɗaya suka wanke ta tas, suka zuba mata duk abin da ɗalibi ke buƙata: manhajar koyon buga rubutu, ta lissafi a jadawali, da ta gwajin jarrabawa irin ta JAMB. Da ta daidaita, sai suka ɗauki cikakken kwafinta, wato hoton tsarin kwamfutar kamar yadda take a wannan rana, da wata manhaja ta kyauta mai suna Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar kwamfuta ta ƙasar Taiwan. Tana kwafar wuraren da ke da bayani ne kaɗai a faifan ajiya, ta matse su, don haka kwafin bai kai girman faifan ba. Daga nan aka rage babban sashen faifan kowace kwamfuta, aka yanki wani sashe na daban aka ajiye kwafin a ciki, aka kuma cire masa harafi don kada ya bayyana kusa da C, wato sashen da Windows yake, inda yara za su gan shi. Wannan ne sashen farfaɗowa. Yanzu idan inji ya rikice, malami zai tashe shi daga filas, ya nuna masa kwafin, ya koma aji ya ci gaba da darasi. Kafin a tashi makaranta kwamfutar ta dawo yadda take ranar da aka ɗauki hotonta.

Kwamfutocinmu ba iri ɗaya ba ne, wasu HP wasu Dell, an saye su a shekaru daban-daban. Hoton wannan ba ya zama lafiya a kan waccan saboda bambancin direbobi, sai da aka yi wa kowane iri nasa. Wannan ya fi komai cin lokaci.

Me ya sa muka damu haka? Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma a 2024 WAEC ta fara gwada hakan da masu rubutawa a matsayin masu zaman kansu. Mun sha ganin yaro mai ƙwaƙwalwa ya zauna a ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa a kan linzami, lokaci na tafiya. Makon da ya rasa a ɗakin kwamfuta ba ƙaramin rashi ba ne, musamman ga wanda babu kwamfuta a gidansu.

Akwai abu biyu da wannan tsari ba ya yi, kuma muna so ku ja wa yara kunne a kansu. Na farko, idan aka mayar da hoton, duk abin da ɗalibi ya ajiye a kan kwamfutar bayan ranar da aka ɗauke shi ya tafi ke nan. Aikin gida, rubutun da aka kwana ana yi, hotuna, babu abin da ke tsira. Kowane ɗalibi ya ajiye aikinsa a babban fayil ɗin ajinsa da ke kwamfutar malami, kada ya bar shi a fuskar allo yana cewa gobe zai dawo ya tarar. Na biyu, sashen yana kan faifai ɗaya da Windows ɗin da yake ceto. Manomin da ya ɓoye irin shuka a rumbu ɗaya da hatsin ci ya san abin da gobara za ta yi masa. In faifan ya mutu, sun mutu tare. Saboda haka aka sake kwafe hotunan a faifai na waje, aka kulle a ofis. Za a kuma riƙa sabunta su farkon kowane zango, domin tsohon hoto yana dawo da tsofaffin ɓaraka da aka riga aka toshe.

Yanzu ga abin da ya shafe ku kai tsaye, ku da ke da kwamfutar cinya a gida. Kusan duk kwamfutar da ke da Windows 10 ko 11 tana zuwa da nata ƙaramin sashen farfaɗowa, wanda galibi bai wuce ɗaruruwan megabait ba. Wasu kamfanoni kuma kan ƙara babba mai ɗauke da tsarin da injin ya fito da shi daga masana'anta. A kan HP da yawa danna F11 lokacin kunnawa ke buɗe shi. A cikin Windows, idan aka danne maɓallin Shift aka zaɓi Restart, shuɗin allo zai fito mai kayan gyara, daga ciki har da Reset this PC, wanda ke tambayar ko a bar fayilolinku ko a share komai. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba sai an je kasuwa ba.

Matsalar tana farawa ne a teburin mai gyara. Ka kai masa inji, ya ce sai an yi fomatin, ya buɗe jerin sassan faifai, ya ga wasu ƙanana marasa harafi, ya share su duka wai don ya ƙara maka fili. Filin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba, amma ya rufe maka ƙofar gyara ta gaba, wani lokacin ma ya zuba maka Windows marar lasisi. Ba duka masu gyara ke haka ba, akwai ƙwararru da muke girmamawa. Amma ku faɗa da bakinku kafin ku miƙa: kada a taɓa sashen da aka rubuta wa Recovery, kuma a kwashe fayiloli tukuna. Wanda ya sayi ta hannu kuwa, ya duba tun a shago ko sashen yana nan.

Wanda yake da filas mai gigabait 16 ko fiye, ya rubuta Recovery Drive a wurin bincike na Windows, ya bi matakan. Zai samu abin tashin kwamfuta ko da sashen cikin faifai ya lalace. A kula, aikin yana share duk abin da ke kan filas ɗin, kuma bayan an gama a ajiye shi a aljihun tebur, kada a mayar da shi na ɗaukar waƙoƙi. Sababbin kwamfutoci da dama kuma suna zuwa da kullen BitLocker, mai kulle bayanan da ke faifai, a kunne, kuma lokacin gyara kwamfutar za ta iya neman mabuɗi mai lambobi 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga injin da shi. Ku nemo shi tun ana lafiya, ku rubuta a takarda. In aka rasa shi, babu mai gyaran da zai iya buɗe muku fayilolinku.

Wasu iyaye sun tambaya game da Windows 10. Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Injin zai ci gaba da aiki, sai dai kariyarsa na raguwa, kuma Windows 11 yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Wasu daga cikin namu suna wannan rukuni. Mun raba su da intanet, an bar su ga koyon buga rubutu da gwajin jarrabawa, kuma za mu kawo batun sauya su a taron iyaye da malamai mai zuwa. Ba a ƙara ko kwabo a kuɗin makaranta saboda aikin da aka yi a hutun nan ba.

An kuma kafa doka: ba a shigo da filas daga waje ɗakin kwamfuta sai malami ya duba shi. Don Allah ku taya mu tuna wa yara.

Malaman sashen za su zauna ranar Asabar ta biyu bayan dawowa hutu, daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar. Duk mai son a duba masa sashen farfaɗowar kwamfutarsa ko a haɗa masa filas ɗin ceto, ya zo da injin, da cajarsa, da filas wanda babu komai a kai. Kyauta ne.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.

Wassalam,
Shugaban Makaranta