A Buɗe Wa Mawaƙa Masu Cin Gashin Kansu Fili A Jaridar Nan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da dukkan ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in gabatar da wani koke da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da shafinku na nishaɗi. Na yi shekaru ina karanta wannan jarida, kuma sana'ata ita ce gyaran kayan sauti da bayar da hayar lasifika ga masu biki a nan Sakkwato, saboda haka harkar kiɗa ba baƙuwata ba ce. Abin da na lura da shi shi ne, kusan kowane mako za ku kawo mana labarin jarumar fim da ta yi aure da mawaƙin da wani ɗan siyasa ya ba kyautar mota, amma mawaƙin da ya tara kuɗi da gumin goshinsa ya shiga situdiyo ya fitar da sabon kundin waƙoƙi, ko ya kama ɗakin taro zai yi wasa a mako mai zuwa, da wuya mu ga ko da sunansa a cikin jaridar.

A Turai da Amurka ana cewa mawaƙi yana cin gashin kansa idan ba ya ƙarƙashin manyan kamfanoni uku da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, wato Universal da Sony da Warner. A wurinmu ma'anar ta ɗan sha bamban, domin tun zamanin makaɗan fada ubangida ne yake riƙe mawaƙi, a yau kuma ɗan siyasa ko mai shirya fim ne ya gaji wannan matsayi. Wanda nake magana a kansa shi ne mawaƙin da ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan, wanda jama'ar da suke sauraronsa su ne kaɗai gatansa. Irin wannan mutum ya fi kowa bukatar jarida, tunda ba shi da kuɗin sayen fili a rediyo, kuma babu mai sa a buga masa hoto a allon talla.

Bari in kawo misali daga garin da nake zaune. A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, mai suna Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Bahago ne a jita, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta da katako da wayar birkin keke. Wanda duk ya saurari wannan kundi zai ji tasirin waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya, ko da yake da harshen Tamashak yake rerawa. Ba a kai kundin kasuwa yadda aka saba ba, daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya ta Bluetooth da memori har ya kai arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayar mutane, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin da aka samo daga wayoyin mazauna Sahara wanda ya fitar a 2011, sannan ya bi sawu har ya gano mai ita.

Daga wannan ƙaramin mafari yaron ya kai ga kamfanin Matador na birnin New York, wanda yana cikin sanannun kamfanoni masu zaman kansu, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a watan Mayun 2024, kundin da ya fito fili ya soki abin da Faransa ta yi wa Nijar da arzikinta na yuraniyom. A watan Afrilun 2024 ya hau dandalin Coachella a jihar Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, shi da abokan kiɗansa suna tsakiyar rangadi a Amurka, rufe iyakoki ya hana su komawa gida na wani lokaci, kuma a cikin wannan zaman jira ne suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki, aikin da ya fito a watan Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Manyan jaridun Amurka da Ingila sun yi ta sharhi a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka. Ni kuwa da nake zaune a garin da aka fara naɗar muryarsa, wani ƙanena da yake karatu a waje ne ya fara ba ni labarinsa, kuma na ji kunya ƙwarai a ranar.

Ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda jagoranta ya yi aikin alƙali a kotu, tana rera waƙoƙi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashak, kuma kamfanin FatCat na Ingila ya fitar mata da kundi uku tsakanin 2013 da 2018. Bombino na Agadas ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Grammy, saboda kundinsa na 2018. Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya da suka fara kiɗan biki a Agadas tun 1995, sun fitar da sabon kundi a 2024 kuma suna zagaya Turai da Amurka. Akwai kuma Les Filles de Illighadad, 'yan matan ƙauye daga wajen Abalak, da dattijo Mamman Sani wanda ya naɗi kiɗan organ a kaset a 1978, aka yi shekaru ana jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar, sai a 2013 aka sake buga shi a faifai ya shiga duniya. A 2013 ɗin ne kuma Sahel Sounds ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Kano mai suna Harafin So, wanda muryar Fati Nijar take ciki. Duk waɗannan maƙwabtanmu ne na kusa, wasunsu 'yan uwanmu ne na jini da harshe, kuma daga nan zuwa Birnin Ƙonni ta Illela bai kai tafiyar Sakkwato zuwa Gusau ba.

Maganar wasanni ita ce ta fi damuna, domin a nan ne nake cin abinci kuma a nan nake ganin asara da idona. Idan ɗaya daga cikin waɗancan mawaƙa zai yi rangadi a Turai, wata uku ko huɗu kafin lokacin an riga an buga jadawali mai ɗauke da rana da gari da sunan ɗakin taro da kuɗin tikiti, kuma jaridu da mujallun kiɗa na can suna da shafi na musamman da suke jera irin wannan sanarwa. Mutum zai tsara aikinsa, ya ware kuɗinsa, ya gayyaci abokinsa. A wurinmu kuwa sanarwar wasa ba ta wuce hoto guda a WhatsApp ko Facebook kwana biyu kafin ranar, wani lokaci ma babu sa'a a jiki. A Babbar Sallar da ta wuce wasu samari huɗu masu jita da kalangu da gurmi suka yi hayar kayana don wasa a wani ɗakin taro da yake ɗaukar mutum ɗari uku. Sun yi wata guda suna gwaji, sun kuma yi kiɗan da na daɗe ban ji irinsa ba, kai tsaye da hannu, babu faifan da ake sakawa mawaƙi yana motsa baki. Mutanen da suka shigo ba su kai arba'in ba. Kuɗin ƙofa bai biya man janareta ba, dole na yafe musu rabin kuɗin haya. Bayan kwana biyu mutane da dama suka riƙa tsayawa a shagona suna cewa da sun ji labari da sun je.

Wani zai ce ai yanzu zamanin intanet ne, mawaƙi ya ɗora waƙarsa a Audiomack ko Boomplay ko YouTube ya huta. Gaskiya ne waɗannan kafofi sun buɗe ƙofa, kuma Spotify ma ta shigo Nijeriya tun watan Fabrairun 2021. Sai dai abin da ƙaramin mawaƙi yake samu daga gare su bai taka kara ya karya ba, kuma tun 2024 Spotify ta daina biyan ko sisi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba a cikin wata goma sha biyu. Ɗora waƙa abu ne mai sauƙi, wahalar ita ce a san an ɗora ta a cikin dubban waƙoƙin da suke fita kullum. A 2020 Sahel Sounds ya yi wani gwaji da ya kamata mu yi nazari a kansa: kowane wata mawaƙi ɗaya ko ƙungiya ɗaya takan naɗi 'yan waƙoƙi da wayar hannu, ta aika ta WhatsApp, a sayar a shafin Bandcamp, kuɗin kuma ya tafi kacokan ga masu waƙar. Kayan aikin da aka yi amfani da su suna aljihun kowane saurayi a Kano da Maraɗi. Abin da ya sa gwajin ya yi tasiri shi ne akwai wanda yake sanar da masu saye cewa sabon abu ya fito, kuma wannan aiki ne da jaridar Hausa za ta iya yi wa namu.

Na san akwai masu karatu da suke ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi taron kiɗa, kuma ban raina damuwarsu ba, domin ni ma uba ne. Amma a iya abin da na gani a wannan sana'a, wasan da aka sanar a fili, aka faɗi wurinsa da lokacin farawa da na tashi da sunan wanda ya shirya, ya fi tsabta nesa ba kusa ba a kan wanda ake rarraba labarinsa a ɓoye. Iyaye za su san inda 'ya'yansu suka tafi, hukuma ma za ta san wanda za ta tambaya idan an saɓa ƙa'ida. Marigayi Mamman Shata da marigayi Ɗanmaraya Jos a bainar jama'a suka yi wasanninsu, manya da ƙanana suna zaune, kuma har yau muna alfahari da su.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne ku ware ko da rabin shafi ne a kowane mako. A jera sababbin kundaye da waƙoƙin da suka fito daga mawaƙan da ba su da ubangida, daga Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato har zuwa Damagaram da Agadas da Yamai da zangunan Accra da Kumasi, a faɗi inda za a same su. A ƙasa kuma a jera wasannin da suke tafe cikin wata guda, da rana da wuri da kuɗin shiga, ba tare da an karɓi kuɗin talla daga yaran ba. Idan da hali, a sa wani ma'aikacinku mai kunnen kiɗa ya zauna ya saurari kundi ɗaya daga farko har ƙarshe ya rubuta ra'ayinsa tsakani da Allah, ya yaba inda aka yi kyau, ya kuma faɗi inda baiti ya karye ko sauti ya cushe, domin yabo zalla ba ya gyara mawaƙi.

Idan kun amince, ni na ɗauki nauyin tattara muku jadawalin wasannin Sakkwato da Birnin Kebbi da Birnin Ƙonni a kowane wata kyauta, tunda yawancin masu shirya su sukan biyo ta shagona neman lasifika. Samarin nan huɗu da na ambata suna shirin sake gwadawa a Ƙaramar Salla mai zuwa, kuma da zarar sun tsayar da rana da wuri zan aiko muku.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku mai karatu,
Wani mai hayar kayan sauti,
Sakkwato.