Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya (IAEA), Rafael Grossi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan 'yar na'urar nan da ake maƙala wa ma'aikacin nukiliya a gaban riga. Aikinta auna tururin nukiliya da ke dukan jiki daga waje, kuma tana yi bakin gwargwado. Amma ƙurar da mutum ya shaƙa ko ya haɗiye, ba ruwanta da ita, alhali a nan gizo ke saƙar.

Nau'in tururin da ake kira alfa, wanda sinadaran rediyam da fulutoniyam ke fitarwa, fallen takarda ɗaya ma yana tare shi. Da zarar sinadarin ya shiga jiki, babu sauran abin da zai kāre tsoka. Rediyam ya yi kama da kalsiyam, shi ya sa jiki ke karɓarsa hannu bibbiyu ya kai shi cikin ƙashi, dab da ɓargo, ya ajiye. Haka ta faru da 'yan matan da ke shafa wa agogo fenti mai haske mai ɗauke da rediyam a garin Orange ta jihar New Jersey a Amurka, tun daga 1917. An koya musu lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Bayan 'yan shekaru haƙora suka fara zubewa, muƙamuƙi ya ruɓe. Rediyam 226 sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, ke nan ƙasusuwansu na nan suna fitar da tururi a kabari.

Fulutoniyam, in an shaƙe shi, yakan daɗe a huhu, sannan ya bi jini ya tare a hanta da ƙashi. Ma'aikatan masana'antar fulutoniyam ta Mayak a Rasha, da suka fara aiki a 1948, a waɗannan gaɓoɓi uku sankara ta riƙa kama su. Yuraniyam kuwa yawancinsa yana fita a fitsari, amma a kan hanya yakan taɓa ƙoda.

Akwai allurar DTPA da ke kamo fulutoniyam ta fitar da shi, sai dai ta fi aiki a ranar farko, kafin ya kama ƙashi. To wanda ba a gwada fitsarinsa ba, ta yaya za a san yana buƙatarta?

Ƙa'idojinku na 2014 sun ce a adana bayanan ma'aikaci har ya kai shekara 75, kuma kada a zubar da su sai an yi aƙalla shekara 30 da barinsa aiki. A takarda babu laifi. Damuwata ɗan kwangila ne, wanda ke share tanki wata uku a nan, wata biyu a can, ya tafi ba tare da ko kwafin sakamakonsa ba. Ranar da ciwon zai bayyana, wataƙila kamfanin ma ya rufe.

Ina roƙon ka matsa wa ƙasashe lamba su wajabta gwajin fitsari da na huhu a kai a kai ga duk mai taɓa waɗannan sinadarai, har da 'yan kwangila, kuma a miƙa wa kowa sakamakonsa a hannu ranar da zai bar aiki.

Ka huta lafiya.