Ɗana, Wa Ke Riƙe Da Dokar Wasan?

Assalamu alaikum ɗana,

Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Na samu labarin abokanka sun ɗora maka jagorancin wasan nan naku na tatsuniya, inda wannan zai zama jarumi, wancan matsafi, kai kuma ka tsara duniyar da suke yawo a cikinta. Ba zan hana ka ba. Amma kujerar da suka ba ka tana da nauyi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, jagoran irin wannan wasa shi ne mai ba da labari, shi ne alƙali, shi ne kuma bakin kowane dodo. Sau da yawa a bayan shamaki yake jefa ɗan ludon nan mai fuska 20 da ke yanke ko jarumi ya yi nasara, ba mai ganin lambar da ta fito sai shi. Idan ya ga dama ya ceci jarumin amininsa, idan ya ga dama ya hallaka na wanda ya ɓata masa rai jiya, kuma duk ya ce ƙaddarar wasa ce. Ba kotun da za a kai shi. Abin da ke tsare mutanen da ke zaune gabansa shi ne niyyarsa kawai, sai kuma damar da suke da ita ta tashi su bar masa wurin. Don haka ka riƙa tambayar kanka: ina so su ji daɗi ne, ko ina so su san ni ne a sama? Idan gardama ta tashi, jefa ɗan ludon a gaban kowa. Idan labari ya ƙare, miƙa wa wani kujerar, kai ma ka ɗanɗana zama ƙarƙashin hukuncin wani.

Su ma 'yan wasan ka lura da su. A 2005 wata cuta da aka ƙirƙira cikin wasan bidiyo na intanet mai suna World of Warcraft ta kuɓuce, ta shiga biranen wasan tana kashe jarumai. Wasu suka tsaya suna warkar da marasa ƙarfi, wasu suka gudu, wasu kuma da gangan suka riƙa kutsawa cikin taro don su yaɗa ta. Har masana annoba sai da suka yi nazarin abin. Wasa ɗaya, doka ɗaya, kuma ba wanda za a kama, amma kowa ya nuna abin da ke ransa.

A siyasa ma, ni alƙawarin ɗan takara ba ya burge ni, domin kowa ya iya cewa don talakawa ya fito. Abin da nake dubawa shi ne yadda yake yi da dokar da ta ɗaure shi kansa. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya sauka a 1797 bayan wa'adi 2, alhali ba dokar da ta tilasta masa. Sai a 1951 Amurka ta sa iyakar cikin kundin tsarin mulkinta. A Rasha kuwa, gyaran da aka yi wa kundin a 2020 ya share wa Shugaba Vladimir Putin hanyar sake tsayawa. Duk wanda ka ga yana taɓa wa'adi, ko kotu, ko hukumar zaɓe alhali yana kan kujera, ya riga ya faɗa maka abin da yake nema, ko da bakinsa na faɗin wani abu dabam.

Wanda ya fi damuna shi ne jagoran da ba ka gani, na cikin wayarka. Ba kai kake zaɓar abin da zai fara bayyana idan ka buɗe manhaja ba. Wani ne ya tsara, kuma ribarsa tana ga daɗewarka a wurin, domin da ita yake sayar da talla. A 2018 aka gano cewa bayanan masu amfani da Facebook da za su iya kaiwa miliyan 87 sun faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica da ke yi wa 'yan siyasa aiki a lokacin, kuma a 2019 hukumomin Amurka suka ci Facebook tarar dala biliyan 5. A 2018 ɗin ne ma Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi cikin wasu wasannin bidiyo caca ce. Ka ga ruwa ba ya tsami banza: akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba an yi shi ne don ka sake biya.

Yau ɗin nan ka shiga saitin wayarka, ka duba waɗanne manhajoji ne ka ba izinin jin muryarka, ganin lambobin mutanenka da sanin inda kake. Wadda aikinta bai buƙaci haka ba, ka janye izinin. Ka kashe sanarwar wasannin da ke kiranka da dare, kuma kada ka bar katin banki a haɗe da kowane wasa.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka