Godiya ga ofishin da ya raba mu da zaman 'yan kallo a taron intanet

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin horar da ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne don sauran masu shirya taro ta intanet su ga yadda kuke yi, su ɗauka.

Ni kurma ce, da maganar hannu nake hulɗa, ina kuma ɗan karanta leɓe. Tun da annobar korona ta mayar da taruka kan intanet a 2020, na sha shiga taro a wurare daban-daban in fito ban tsinci komai ba. Mai jawabi ya kashe kyamara, mutum uku su ɗauki magana lokaci guda, tafinta kuwa, in ma an kawo shi, da zarar an ɗora takarda a allo sai hotonsa ya ƙanƙance ya koma lungu.

Ku da tambaya kuka fara. Tun a takardar rajista kuka nemi kowa ya faɗi abin da yake buƙata, kuma ba ku jefa amsar a kwandon shara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kun kuwa bar mu mun nuna muku wurin da kanmu.

Kun kawo tafinta biyu masu karɓar juna kusan duk minti 20, domin aikin yana gajiyar da hannu da kai, in aka bar mutum ɗaya sai fassarar ta fara zuba. Kun kafe hoton tafinta yadda ba ya gushewa ko da an sauya abin da ke kan allo. Kun kunna rubutun da ke bin magana, wanda manhajar taro ta Zoom ta buɗe wa kowa kyauta tun 2021, amma ba ku sakar wa na'ura komai ba. Kun san tana kwafsawa a sunayen mutane da kalmomin aiki, sai kuka sa mutum yana bi yana gyarawa.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ɗan jiran nan da shugabar taro take yi. Tafinta kullum yana bayan mai magana da 'yan daƙiƙu. Kafin tambaya ta iso gare ni, masu ji sun riga sun amsa an wuce, shi ya sa ake ɗauka kurame ba su da abin cewa. Ita kuwa in ta jefa tambaya sai ta dakata, ta duba hannun tafinta ya sauka, sannan ta ba da dama. A tarukanku ne na ɗaga hannu aka kira ni, na kawo shawara aka yi muhawara a kanta.

Wani abokin aikina makaho ya ce in haɗa da tasa godiyar. Da manhajar NVDA, mai karanto rubutu da murya, yake karanta allo, ita kuwa tana shan wahalar gane takardar da aka ɗauka a hoto. Ku kuna aiko da takardu tun kafin ranar taro, a rubuce yadda manhajar za ta karanta. Masu jawabinku sun daina cewa "kamar yadda kuke gani", suna faɗin abin da ke cikin jadawalin da baki, kowa kuma yana ambaton sunansa kafin ya fara magana.

Kada wani ya ce ai mu 'yan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da nakasa, kuma miliyan 430 na da matsalar ji mai tsanani. Sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006 ya sa samun bayanai da hanyoyin sadarwa cikin haƙƙoƙinmu. Wurare da yawa sun san da haka, amma sai mun yi ta roƙo. A wurinku ban taɓa roƙo ba.

Alfarma ɗaya nake nema: ku rubuta wannan tsari ya zama ƙa'idar ofis, don kada ya tafi da waɗanda suka kawo shi ranar da aka sauya musu wurin aiki. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Taku,
ɗaya daga cikin mahalarta tarukanku