Amsa ga mai tambaya kan kasuwar hasashen zaɓen fidda gwani a Amurka

Malam, assalamu alaikum.

Ka tambaya a bainar jama'a: idan kasuwar hasashe irin Kalshi, Polymarket ko PredictIt ta nuna ɗan takarar Majalisar Wakilan Amurka a kan senti 85, shin ya riga ya samu tikitin jam'iyyarsa? A'a, kuma a zaɓen fidda gwani ne wannan lambar ta fi yaudarar mutane.

Ana sayar da takarda mai cewa "wane zai samu tikiti". In ya samu, takardar ta zama dala ɗaya. In ya faɗi, ta zama banza. Senti 85 na nufin masu ciniki suna ganin damarsa ta kai kashi 85 cikin 100. Ko da lissafinsu daidai ne, cikin 'yan takara bakwai masu wannan farashi ɗaya zai sha ƙasa.

Kafin ka gaskata farashi, duba kuɗin da ke bayansa. Kasuwar zaɓen shugaban ƙasa tana juya miliyoyin daloli, amma ta mazaɓa ɗaya 'yan tsiraru ne ke cikinta, har mutum guda mai 'yan ɗaruruwan daloli zai iya ɗaga farashin. In mai saye na tayin 78, mai sayarwa na neman 90, wancan 85 ɗin tsohon ciniki ne kawai.

Akwai kuma kuɗin da ake yanka. PredictIt na cire kashi 10 daga riba, da kashi 5 wajen fitar da kuɗi. Wanda ya sayi takarda 100 a kan dala 85, in ya ci, ribarsa ta dala 15 za ta dawo kusan 8 da rabi. Shi ya sa masu sanin gaskiyar lamari ba sa wahalar gyara farashin da ya kauce kaɗan.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne sharaɗin biya, don nan aka fi ƙonewa. Zuwa na ɗaya daban, samun tikiti daban. A Texas da Georgia sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu. A 2024 a Texas, Tony Gonzales ya zo na ɗaya a watan Maris da kusan kashi 45, amma a zagaye na biyu cikin Mayu ratar da ke tsakaninsa da Brandon Herrera ba ta kai ƙuri'a 500 ba. A California kuwa 'yan takarar duk jam'iyyu a takardar ƙuri'a ɗaya suke, biyun farko su wuce, don haka kalmar "tikiti" ma ta sauya ma'ana.

Sannan a can galibi ba daliget ke zaɓe ba, jama'a ne, kuma kaɗan ke fitowa. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta yi ƙaranci, wadda ake samu ma galibi ofishin ɗan takara ne ya biya aka yi. A 2014 ta Eric Cantor, shugaban masu rinjaye a majalisar, ta nuna shi gaba da maki 34. Dave Brat ya kayar da shi da kusan 11. Masu ciniki irin waɗannan alƙaluma suke karantawa.

Zuba kuɗi a ciki caca ce, ba na ba ka shawararta. In karanta farashin kake so, haɗa shi da rahoton kuɗin kamfe da 'yan takara ke miƙa wa hukumar FEC mai sa ido kan kuɗin kamfe a zaɓukan tarayyar Amurka, da dokar zaɓen jihar.

Wassalam.